Yadda ake saita Cisco ASA daga farko, da kulle makullan sirrin da ke cikinta

An taɓa kira na wani ofishi a Kano da ke da reshe a wani gari, saboda hanyar VPN da ta haɗa su, wato kullallen layin sadarwa da ke bi ta intanet, ta tsinke, injiniyan da ya ɗora musu ita kuma ya bar aiki. Na tambaya ko akwai kwafin saitin na'urarsu ta Cisco ASA, wato na'urar tsaron da ke tsaye tsakanin kwamfutocin ofis da intanet. Akantansu ya ce akwai, ya zaro wayarsa ya turo min fayil ɗin ta WhatsApp. Ina buɗewa sai ga makullin VPN ɗinsu a rubuce ɓaro-ɓaro: sunan mai wurin ne da shekarar da aka buɗe shi. Fayil ɗin ya daɗe yana yawo daga wannan waya zuwa waccan, babu wanda ya san abin da ke cikinsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ya yi aikin ya san aikinsa. Ya sa kalmar sirri mai ƙarfi, ya toshe Telnet (hanyar shiga na'ura daga nesa da ba ta ɓoye abin da ake rubutawa), ya tsara komai tsaf. Kuskurensa ɗaya: ya duba saitin a allo, ya ga taurari biyar a gurbin makullin, ya ɗauka an kulle shi. Taurarin nan labule ne kawai, umarni ɗaya ke yaye shi. Saboda haka zan bi da kai matakan saita ASA tun daga jona kebul, amma inda zan fi daɗewa shi ne wurin da ake mayar da labulen nan ƙofa mai kwaɗo.

Abin da za ka tanada

Zan yi misali da ASA 5506-X, domin ita da tsohuwar 5505 ana samun su a ƙananan ofisoshi da hannun ɗaliban da ke koyon aikin. Kana buƙatar kebul ɗin konsol, wato shuɗin nan mai faɗi kamar ɗamara, kai ɗaya RJ-45, ɗayan DB-9. Kwamfutocin cinya na yanzu ba su da ramin DB-9, sai ka haɗa da adaftar USB. Ita 5506-X tana da ƙaramin ramin USB na konsol, idan ka ɗora direbansa ya wadatar.

Sai manhajar PuTTY ko Tera Term, wadda za ka riƙa rubuta wa na'urar umarni da ita. Ka zaɓi Serial, ka sa lambar COM da Windows ta ba kebul ɗin, ka saita gudu 9600, bit 8, babu parity, bit ɗin tsayawa 1, ka kashe flow control. Idan allo yana zubo haruffan da ba sa karantuwa, gudun ne bai daidaita ba. Ka kuma jona na'urar a UPS ko inbata kafin ka fara, domin ɗauke wuta a tsakiyar adana saiti ba abin so ba ne.

Mataki na 1: shiga, ka san da wa kake magana

Kunna na'urar, ka jira ta gama tashi, ka danna Enter. Za ka ga `ciscoasa>`. Rubuta:

```
enable
show version
```

A sabuwar na'ura kalmar sirrin enable babu komai a cikinta, Enter kawai za ka danna. Daga siga ta 9.12 zuwa sama, a nan take za ta tilasta maka sa sabuwa.

Ka rubuta lambar sigar a takarda, domin abubuwa da dama a gaba sun rataya a kanta. 5505 ta tsaya a 9.2, 5506-X ta tsaya a 9.16. Ka kuma nemi layin Encryption-3DES-AES ka ga ko an rubuta Enabled. Idan a kashe yake, SSH (hanyar shiga daga nesa mai ɓoye abin da ake rubutawa) da ASDM (manhajar Cisco ta saita na'urar da dannawa maimakon rubuta umarni) za su wahalar da kai sai ka samo lasisinsa.

Mataki na 2: idan ta hannu ce, ka wanke ta

Na'urar da ta taɓa aiki a wani wuri tana zuwa da tarihinta: sunayen masu shiga, hanyoyin VPN, ƙofofin da wani ya buɗe don buƙatarsa. Kada ka gina a kan wannan.

```
write erase
reload
```

A nan mutane ke zamewa. Bayan ka rubuta reload, tana iya tambayarka ko ta adana saitin da ke gudana. Ka ce mata N. Idan ka ce Y, ta mayar da duk abin da ka goge, ka koma gidan jiya. Bayan ta tashi za ta tambaya ko kana so ta yi maka jagora da tambayoyi, ka ce no. Lasisin ba ya gogewa da wannan umarni, domin ba a cikin fayil ɗin saiti yake zaune ba, amma duk da haka ka kwafe abin da `show activation-key` ya nuna ka ajiye.

Idan kuwa ta zo a kulle da kalmar da ba ka sani ba, ka danna Esc lokacin da take tashi don ka faɗa ROMMON, wato ƙaramin tsarin da ke tashi kafin babbar manhajar, ka rubuta `confreg 0x41` sannan `boot`. Za ta tashi ba tare da ta karanta tsohon saitin ba. Da ka gama gogewa ka mayar da ita daidai da `config-register 0x1`. Wanda ya manta wannan zai yi aikin yini guda, ya kashe ya kunna, ya tarar da na'urar wayam.

Mataki na 3: suna

```
configure terminal
hostname KN-FW01
domain-name ofis.example
banner login Wannan na'ura ta masu izini ce kawai. Ana rajistar duk wanda ya shiga.
```

Sunan bai wuce haruffa 63 ba, ya fara da harafi ko lamba, ya ƙare da ɗayansu, jan layi na tsakiya ya halatta. Amfaninsa yana bayyana ranar da ka buɗe tagogi uku na na'urori uku a allo ɗaya, kana neman wacce za ka sake kunnawa. Saƙon gargaɗi a ASA ba ya buƙatar alamar buɗewa da rufewa irin ta rautocin Cisco, kowane layi da nasa umarnin banner.

Mataki na 4: kalmomin shiga, da abin da ake nufi da niƙa

```
enable password KALMARKA-TA-FARKO
passwd KALMARKA-TA-BIYU
```

Ta farko ita ke kai mutum matakin da zai iya canza komai. Ta biyu ta shiga ce ta Telnet. Ko da ba za ka buɗe Telnet ba, kuma shawarata kada ka buɗe, ka canza ta, domin tsofaffin sigogi suna zuwa da kalmar cisco a wannan gurbi.

Ƙa'idar kalmar: babu sarari, babu alamar tambaya, kuma haruffan Ingilishi na allon rubutu kawai take karɓa. Ma'ana ƙ da ɗ da ɓ ba za su shiga ba. Daga siga ta 9.17 ana buƙatar aƙalla haruffa 8, kuma ba ta karɓar uku a jere irin abc ko 543 ko aaa. Na'urarka ko ba ta kai wannan sigar ba, ka ɗora wa kanka dokar. Hanyar da nake bi ita ce haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, irin tulu da raƙumi da gyaɗa da hazo, a rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa, a tsoma lambobi da alamomi a tsakani. Sunan kamfani, sunan ɗan oga, lambar mota da shekarar haihuwa su ne abin da mai neman shiga ke fara gwadawa.

Yanzu rubuta `show running-config enable`. Abin da za ka gani ya danganta da sigarka. A tsofaffi za ka ga haruffa 16 a cakuɗe, da kalmar encrypted a ƙarshe. Akwai guda biyu da ya kamata idonka ya haddace:

```
enable password 8Ry2YjIyt7RRXU24 encrypted
passwd 2KFQnbNIdI.2KYOU encrypted
```

Na sama yana nufin ba a sa kalmar sirri ba sam. Na ƙasa yana nufin kalmar ita ce cisco. Duk wanda ya daɗe a harkar yana gane su da kallo ɗaya, haka ma ɓarawo. Idan ka karɓi aikin wani ka tarar da ɗayansu, ka san ƙofar a buɗe ta kwana.

Abin da na'urar ke yi wa waɗannan kalmomi niƙa ne. Ka kai gero inji, ya dawo gari, babu mai mayar da shi tsaba. Na'urar ba ta riƙe kalmarka, garin take riƙewa. Idan ka zo shiga, sai ta niƙa abin da ka rubuta ta gwada da wanda ke wurinta. Mai son fasa ta dole ya yi ta niƙa kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Tsohon injin niƙan, wanda aka gina a kan MD5, yana da sauri ƙwarai, saurin nan kuwa ɓarawo yake yi wa amfani. Daga siga ta 9.7 aka koma PBKDF2, wanda ke maimaita niƙan sau dubbai don kowane gwaji ya ci lokaci. Za ka gane shi da kalmar pbkdf2 a ƙarshen layin, kuma cikakken rubutunsa yana farawa da `$sha512$5000$`.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Idan ka ɗaga sigar na'ura daga tsohuwa zuwa 9.7 ko sama, tsofaffin kalmomin suna nan da tsohon niƙansu har sai ka sake rubuta su da hannunka. Sannan mai 5505 ba zai taɓa samun PBKDF2 ba tunda ta tsaya a 9.2, abin da ya rage masa shi ne tsawaita kalmar da ɓoye fayil ɗin saitin.

Wanda ya saba da rauta zai nemi `service password-encryption` a nan. ASA ba ta da shi, kuma ba a yi asara ba, domin abin da yake samarwa, wato nau'i na 7, cikin daƙiƙa ake warware shi.

Mataki na 5: agogo

```
clock timezone WAT 1
clock set 09:30:00 15 January 2025
show clock
```

Ka sa ranar da kake aikin. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk awa ɗaya suke gaban GMT, don haka layin farko ya yi musu. Mai aiki a Ghana zai sa GMT 0, na Sudan CAT 2. Ba ma canza agogo da rani ko damina, saboda haka `clock summer-time` ba namu ba ne.

Agogon da aka saita da hannu yana zamewa a hankali. Idan kana da sabar lokaci a cikin gida, ka haɗa su:

```
ntp authenticate
ntp authentication-key 1 md5 MAKULLIN-NTP
ntp trusted-key 1
ntp server 192.168.10.2 key 1 source inside prefer
logging enable
logging timestamp
```

Layin `ntp server` sai ka gama mataki na gaba zai karɓu, domin yana ambaton `inside`, ƙofar da ba ka raɗa wa suna ba tukuna. Muhimmancin agogo yana fitowa ranar bincike: an ce an shiga da ƙarfe biyun dare, rajistar na'urar kuma tana nuna wata shekara daban. Takardun shaidar dijital ma da agogo suke aiki, idan ya kauce sai a ƙi karɓarsu.

Mataki na 6: ƙofar waje da ta ciki

```
interface GigabitEthernet1/1
 nameif outside
 ip address dhcp setroute
 no shutdown
interface GigabitEthernet1/2
 nameif inside
 ip address 192.168.10.1 255.255.255.0
 no shutdown
```

Da ka rubuta `nameif inside` za ta sanar da kai ta ba ƙofar matakin tsaro 100, duk wani suna kuma 0 take ba shi. Dokar ita ce daga babban mataki ana gangarawa ƙarami ba tare da neman izini ba, daga ƙarami kuwa ba a hawa sai an rubuta izini. Ƙofar da ba ta da nameif ba ta wuce da komai ko da ka ba ta adireshi. Idan kamfanin intanet ya ba ka tsayayyen adireshi, ka rubuta shi a madadin dhcp, ka ƙara `route outside 0.0.0.0 0.0.0.0` da adireshin rautarsu. A 5505 kuwa ba a kan ramukan ake sa adireshi ba, a kan `interface vlan 1` da `interface vlan 2` ake sawa, sannan a tura Ethernet0/0 cikin VLAN 2. Ka duba da `show interface ip brief`.

Mataki na 7: kowa da sunansa, kuma ta SSH

Kalmar sirri ɗaya da mutum biyar suka sani ba ta nuna wanda ya yi ɓarna. Ka buɗe wa kowane ma'aikaci nasa:

```
username injiniya1 password KALMARSA privilege 15
crypto key generate rsa modulus 2048
aaa authentication ssh console LOCAL
aaa authentication serial console LOCAL
ssh 192.168.10.5 255.255.255.255 inside
ssh timeout 10
console timeout 10
```

LOCAL, wato jerin sunayen da ke cikin na'urar kanta, da manyan baƙaƙe ake rubuta shi, da ƙanana ba ta gane shi. Layin `ssh 192.168.10.5` yana nufin kwamfuta ɗaya tak ce za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar. Na sha ganin an rubuta `ssh 0.0.0.0 0.0.0.0 outside` don oga ya riƙa shiga daga gida, wannan kuwa gayyatar duniya ce gaba ɗaya ta zo ta gwada sa'arta. Mai son shiga daga gida ya bi ta VPN. A sigogin da ke ƙasa da 9.16 ka ƙara `ssh version 2`, daga 9.16 an cire siga ta ɗaya baki ɗaya. Shi kuma `console timeout` asalinsa 0 ne, wato idan ka zare kebul ka tafi ba ka fita ba, wanda ya jona bayanka zai tarar da kujerarka da ɗuminta.

Ka kiyaye jerin: sunan mai shiga kafin layukan aaa. Kuma kada ka rufe tagar konsol sai ka buɗe wata ka shiga ta SSH ka ga ta karɓe ka. Daga nan `write memory`.

Mataki na 8: uwar makullai

Mun zo inda aka faro labarin. Akwai sirrin da na'urar ba za ta iya niƙawa ba, domin tana buƙatar ainihinsa don ta yi aiki da shi: makullin VPN da take gaisawa da na'urar reshe, makullin sabar RADIUS ko TACACS+ (masu tantance masu shiga), kalmar da take shiga LDAP (kundin sunayen ma'aikata) da ita, makullan OSPF da EIGRP (hanyoyin da na'urori ke musayar bayanin hanya), da makullin da ke tsakanin na'urori biyu masu karɓar juna idan ɗaya ta faɗi. Waɗannan sai dai a zuba su a akwati a kulle, a buɗe lokacin buƙata. Matsalar ita ce ASA, yadda ta fito daga kamfani, ba ta kulle akwatin.

Kada ka yarda da maganata, gwada da idonka. Ƙirƙiri makullin gwaji:

```
tunnel-group 203.0.113.50 type ipsec-l2l
tunnel-group 203.0.113.50 ipsec-attributes
 ikev1 pre-shared-key GwajiKawai2468
 exit
show running-config tunnel-group
```

Za ka ga `ikev1 pre-shared-key *****`. Hankali ya kwanta. To yanzu rubuta wannan:

```
more system:running-config | include pre-shared
```

Ga GwajiKawai2468 nan a fili ƙarara. Haka kuma yake fita a duk kwafin da ka tura sabar TFTP (kwamfutar da ake tura wa fayiloli don ajiya) ko ka zuba a filash. Irin fayil ɗin da akantan nan ya turo min ke nan.

Maganin ya shigo tun siga ta 8.3, Cisco na kiransa master passphrase, ni ina ce masa uwar makullai: jimla ɗaya da ake kulle sauran makullan da ita ta hanyar AES. Na'urar ba ta karɓar wannan aiki sai ta konsol, ko SSH, ko ASDM a kan HTTPS. Ta Telnet ba ta yarda.

Kafin ka taɓa allon rubutu, ka zaɓi jimlar ka rubuta ta a takarda. Tsawonta daga haruffa 8 zuwa 128, tana karɓar kusan kowace alama ban da alamar zance mai ƙugiya biyu. Tunda ba kullum za ka riƙa rubuta ta ba, babu dalilin gajarta ta, ka kai ta talatin ko fiye. Sannan:

```
key config-key password-encryption
```

Ka danna Enter a nan, kada ka rubuta jimlar a kan layin. Za ta tambaye ka `New key:` sannan `Confirm key:`. Umarnin yana karɓar jimlar a layi ɗaya, amma idan ka yi haka ta zauna a tarihin umarnin da aka rubuta, mai danna kibiyar sama zai gan ta. Bayan haka:

```
password encryption aes
write memory
```

Kowane cikin ukun nan da aikinsa, kuma rashin ɗaya yana ɓata sauran. Na farko ya ƙera kwaɗon. Na biyu ya datse shi a jikin akwatin, nan take duk makullan da ke cikin saitin da ke gudana suka rikiɗe. Na uku ya adana jimlar, ya kuma rubuta sabon saitin a kan tsohon. Idan ka tsallake shi, fayil ɗin da na'urar ke tashi da shi yana nan da makullansa a buɗe.

Akwai tarko a umarni na biyu: yana karɓuwa lami lafiya ko da ba ka sa jimlar ba, yana zaman jiran ranar da za ka sa. Mutum sai ya rubuta shi shi kaɗai, bai ga ƙorafi ba, ya tafi da zaton ya gama. Shi ya sa dole ka tabbatar:

```
show password encryption
more system:running-config | include pre-shared
```

Na farko ya nuna Enabled, ƙarƙashinsa kuma jerin lambobin da ke wakiltar jimlar. Idan ka ga Not set, babu jimla. Idan ka ga not saved a ƙarshen lambobin, ba ka yi `write memory` ba. Na biyu kuma yanzu zai nuna lamba 8 bayan pre-shared-key, sai dogon rubutu a cakuɗe. Wannan 8 ɗin ita ce shaidar kulli. Idan ka gan ta, goge gwajin da `clear configure tunnel-group 203.0.113.50`. Ka tabbata ka rubuta adireshin, domin idan ka bar shi babu adireshi, duk hanyoyin VPN da ke na'urar zai share.

Mai amfani da ASDM zai sami wannan a Configuration, Device Management, Advanced, Master Passphrase. Aikin ɗaya ne.

Ka lura kalmar enable da ta masu shiga ba su canza kama ba. Daidai ne, su niƙaƙƙu ne tun farko, uwar makullai ba ta da hurumi a kansu.

Inda za ka ajiye jimlar

Wannan ya fi umarnin kansa muhimmanci a wurina. Jimlar ba ta cikin fayil ɗin saiti, a wani ɓoyayyen wuri na ma'ajiyar na'urar take, kuma babu umarnin da zai nuna maka ita. Amfanin ke nan: wanda ya tsinci fayil ɗin bai tsinci komai ba. Haɗarin ma ke nan. Ranar da tsawa ko wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona na'urar, ka sayo wata, ka ɗauko kwafin ajiyarka, makullan da ke ciki ba za su buɗu ba sai ka fara sa wa sabuwar na'urar jimlar nan, harafi da harafi, kafin ka zuba saitin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake yi: kwafi ɗaya a manhajar ajiye kalmomin sirri irin KeePass, ɗaya a takarda cikin ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakinsa, a ajiye a sef ɗin shugaban wurin. Mutum biyu su san inda take. Kada ta zauna a jaka ɗaya da kwafin saitin, kada kuma ta bi ta WhatsApp.

Idan wanda ya san ta ya bar aiki, ka canza ta da umarnin nan na `key config-key password-encryption`. Wannan karon za ta fara tambayar `Old key:` kafin sabuwa, sai ta sake kulle komai da sabuwar, ka bi da `write memory`, ka ɗauki sabon kwafin ajiya domin tsohon da tsohuwar jimla yake buɗuwa. Idan kana so ka cire tsarin gaba ɗaya, `no key config-key password-encryption` ne, shi ma sai ka kawo jimlar, kuma makullan za su koma a buɗe. Shi kuwa `no password encryption aes` ba ya buɗe waɗanda aka riga aka kulle, yana barinsu yadda suke.

Idan ta ɓata fa? Na'urar za ta ci gaba da aiki, amma ba za ka iya canza jimlar ko cire ta ba. Hanya ɗaya ce ta rage, `write erase` da `reload`, wato ka rushe komai ka sake gini, ka bi kowane reshe da kowace saba kuna sabunta makulli.

Mai na'urori biyu da ke karɓar juna ya fara sa `failover key` tukuna. Idan babu shi, za ta ƙi karɓar canjin jimlar, domin ba ta yarda ta aika wa 'yar'uwarta ita a buɗe.

Mataki na 9: ƙofar baya, da gwajin ƙarshe

Ka tuna dabarar Esc da 0x41 ta mataki na biyu? Duk wanda ya isa gaban na'urar da kebul zai iya yin ta. Umarnin `no service password-recovery` yana toshe ta: mai son shiga ROMMON sai ya amince a goge duk abin da ke ma'ajiyar, har da manhajar da na'urar ke tashi da ita. Ina sa shi ne kawai a na'urar da ke zaune a wurin da ba ni da iko da masu shiga, kuma sai ina da kwafin manhajar da na saitin a hannu. A ofishin da ke da ɗakin saba mai kwaɗo, na fi son a bar shi, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago ranar da aka manta kalmar shiga.

Yanzu `write memory`, sannan `reload` tun kana tsaye a gabanta da kebul a hannu. Idan ta tashi, ka shiga da sunanka, ka duba `show clock`, ka duba `show password encryption`, ka shiga ta SSH daga kwamfutar da ka ba izini, ka kuma gwada daga wata ka ga ta ƙi.

Saura aiki ɗaya ga wanda na'urarsa ta daɗe tana aiki kafin yau. Kullewar da ka yi ba ta bi tsofaffin kwafi inda suke ba. Suna nan a sabar TFTP, a imel, a filash ɗin da ke cikin durowa, a wayar wanda ya bar aiki. Ka rubuta `dir` a na'urar kanta, sau da yawa za ka tarar da fayilolin ajiya da wani ya bari, ka goge su da `delete`. Waɗanda suka riga suka fita kuwa ba ka da tabbacin tattaro su, don haka duk makullin da ya taɓa zama a cikinsu ka ɗauke shi a matsayin wanda ya fallasa. A ofishin nan na Kano abin da muka yi ke nan: muka kira na reshe a waya bayan an tashi daga aiki, muka canza makullin VPN a ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya, muka jira `show crypto ikev1 sa` ya nuna MM_ACTIVE, sannan muka bi na RADIUS.